Ranar da Kwale-kwale Ba Ya Fita

Shekara talatin ina roƙon Allah teku ya kwanta,
ga 'yata Tiziri tana roƙon ya tashi.
Rufi ɗaya, alƙibla ɗaya,
ban san na wa za a fara amsawa ba.

Daren Talata ta miƙo mini waya:
"Baba, jibi mita biyu,
daƙiƙa goma sha huɗu tsakanin raƙumin ruwa da ɗan'uwansa,
iska daga tudu har ƙarfe goma."
Na ce waya ba ta taɓa jiƙa ƙafa ba.
Na fita na shinshina dare,
na dubi wata, saura kwana uku ya cika,
na saurari gwiwata ta hagu, wadda ba ta ƙarya.
Gwiwa ta ba waya gaskiya.

Ba Mirleft za mu ba,
can baƙi sun fi kifi yawa.
Akwai wani lungu kudu da Sidi Ifni,
taswira ba ta san shi ba,
mu masunta muna ce masa Wuyan Tulu.
Ba dutse a ƙasansa, yashi ne zalla,
yashi kuwa ba shi da alkawari:
ambaliyar bana ta kwashe tudun hagu ta jibge dama.
Lahsen ya gaya mini, shi da ya kafe a kai.

Muka ari tsohuwar Fijonsa.
Allo biyu a kan rufi, ɗaure da igiyar taru,
kaki don kada ƙafa ta zame,
burodi, sardin, zuma da man argan,
jarka biyu, don babu rijiya.
Waya ma can bebiya ce,
sai na ce wa uwarta: in la'asar ta yi shiru,
ki turo Masin da babur.

Asuba, hazo.
Mun ji shi kafin mu gan shi.
Ruwa ya janye, raƙuma na faɗuwa gaba ɗaya
kamar katangar da ta gaji da tsayuwa.
Ta riga ta sa rigar roba.
Na ce zauna. Bari ya ciko rabi.
Ta zauna, ƙafarta na haƙa yashi.

Na nuna mata baƙin layin nan da ba ya kumfa:
kogi ne cikin teku, waje yake ja,
shi ya karya wa Idir kwale-kwale.
Ta yi dariya: "Ai shi ne hanyata, Baba,
kyauta yake kai ni."
Abin da na kauce wa tun ina yaro,
shi 'yata ta mayar jaki.

Ayari-ayari suke zuwa, biyar, sannan shiru.
Na farko maƙaryaci ne, na biyu mai gaggawa.
Na ɗaga yatsu uku, ko tana gani, oho.
Na ukun ya miƙe, kore, iska na taje masa kai,
ta kwanta, ta yi iyo, ta ɓace.
Zuciyata ta faɗa cikin takalmi.
Sai ga ta tsaye,
hannu ɗaya na shafar bangon ruwa
kamar mai wucewa ta gaban gidan dangi.

Shayi ya ƙone a buta, ban sani ba.

Tara da rabi iska ta juya,
teku ya yamutse, ya zama na kowa.
Waya ta ci mana rabin awa,
Tiziri ta ce ta yafe.

A hanya ta yi barci, gishiri ya bushe a girarta.
Asabar zai kwanta, ni ne da fita,
tarun ma yana jiran ɗinki.
Da na ɗaga hannu bayan isha,
na daɗe ban ce komai ba.
Na ce: Ya Rabbi, ka raba mana mako.